Riƙon maraya a Tsanyawa: yadda kuɗin magani ya koma wuyan goggo

A watan Mayun 2023, ana saura kwanaki ya sauka, Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu a dokar kare yara ta Jihar Kano, shekara 20 bayan ta tarayya. An yi murna a birni. Amma a ƙauyukan Tsanyawa, kan hanyar Katsina, matar da ke riƙon 'ya'yan ƙanenta marigayi har gobe akuyarta take sayarwa in zazzaɓin damina ya kwantar da yaro. Babu wani alawus na wata-wata da hukuma ta ware mata.

Riƙo ya girmi duk wata takarda a ƙasar Hausa. Kaka ta ɗauki jika, goggo ta ɗauki ɗan wanta, wadda Allah bai ba haihuwa ba a ba ta goyo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta buga labarin rayuwarta a 1954, ba ta haihu ba, amma ta raini 'ya'yan dangi har ta aurar. A zamanin Daular Usmaniyya alƙali ke kula da dukiyar maraya, matalauci kuma yana da haƙƙi a zakka. Da Turawa suka ci Kano a 1903, zakkar hatsi ta narke cikin haraji, baitulmali ya koma biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai. A nan igiyar ta fara tsinkewa.

Wasu na cewa addini ne ya hana a tsara abin, tunda Musulunci bai yarda a mai da ɗan wani ɗanka ba. Ban yarda ba. Abin da aka hana shi ne sauya wa yaro nasaba. Ɗaukar nauyin maraya kuwa yana cikin manyan ayyukan lada. Wasu suka ce talaucin gwamnati ne. Wannan ma da sauran magana, don kuɗin yana nan. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Kano ta yi dokar taimakekeniyar lafiya a 2016, sannan dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusun masu rauni.

A ganina matsalar ta rajista ce. Dokar yara da matasa da ta iso Arewa a 1958 yaron da ya zo gaban kotu ta sani, ko wanda aka tsinta aka kai gidan hukuma. Kan wannan turba aka ci gaba: yaron da ke gidan marayu na Nasarawa a Kano yana da fayil, gwamnati na ciyar da shi, in ya kwanta ciwo a kai shi asibiti. Wanda dangi suka rufa wa asiri kuwa, wato mafi yawan marayu, babu sunansa a littafin kowa. Ranar sadakar uku ko ta bakwai aka zauna a zaure, baffa ya ce wance ta tafi da wane, shi ke nan. A Amurka kuwa, gwamnatin tarayya ta fara biyan kuɗin riƙo tun 1961, ɗan riƙo kuma yana shiga inshorar Medicaid, saboda kotu ce ke miƙa yaron, da takarda a hannu.

Abin da ke ci mini rai shi ne rajistar nan ba wuya gare ta ba. Mai unguwa a ƙauyukan Tsanyawa irin su Gurun ko 'Yan Kamaye ya san kowane gida da ake riƙon maraya, ya san wadda ke kwana da shi in jikinsa ya yi zafi. Tsarin tarayya asibiti ɗaya ya nufa a kowace mazaɓa, Tsanyawa kuma mazaɓu 10 gare ta. Da dagatai za su kai waɗannan sunaye asibitin mazaɓa a yanka wa yaran kati, da goggo ta shiga damina da akuyarta a turke.