Gidan Wasan Kwaikwayo Na Samaru

Ran da na taso daga Tambuwal don ganin gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, na zaci katafaren ginin siminti zan tarar. Ashe ginin ƙasa ne, ɗakuna kewaye da fili, tamkar gidajenmu na Kebbe. Wani Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya tsara shi, aka gina a 1976, zamanin da Michael Etherton ke koyar da wasan kwaikwayo a can. Baƙi suka ga darajar dandalinmu, mu kuwa muka raina shi. 'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, mu raya ƙungiyar wasan kwaikwayon makarantarmu, ko a gindin bishiya ne. Allah ya sa mu farga, amin.