Yadda ake mayar da awon ruwan sukarin masara daga kofi zuwa giram

Yawancin tsare-tsaren yin kek da alewa da ke fitowa daga Amurka suna bayar da awo ne da kofi da cokali, alhali masu gashi a Turai da manyan gidajen burodi sun fi dogara da sikeli. Wannan bambanci yakan jawo asara idan aka zo kan ruwan sukarin masara, domin ya fi ruwan sha nauyi nesa ba kusa ba.

Mene ne ruwan sukarin masara?

Ruwa ne mai kauri da danƙo da ake samarwa ta hanyar narkar da sitacin masara har ya rikiɗe ya zama sukari. Babban amfaninsa shi ne hana sukari komawa tsaki-tsaki bayan an dafa, shi ya sa ake zuba shi a alewa da lulluɓin kek. Samfurin da ya fi shahara a Amurka shi ne Karo, wanda ya shiga kasuwa a shekarar 1902.

Lissafin

Kofi yana auna yawan gurbin da abu ya cika ne, kamar yadda mudu yake yi a kasuwar hatsi, bai san nauyi ba. Mililita ɗaya ta ruwan sha giram ɗaya ce, amma ta ruwan sukarin masara ta kai kimanin giram 1.38. Don haka sai a ninka adadin mililita da 1.38:

Kofin Amurka ɗaya, mililita 237: kimanin giram 327
Rabin kofi: giram 163
Rubu'in kofi: giram 82
Babban cokali, kusan mililita 15: giram 20
Cokalin shayi, kusan mililita 5: giram 7

Jadawalin awo da ake bugawa sukan ɗan saɓa wa juna, daga giram 310 zuwa 340 a kofi, saboda yawan ruwan da ke cikin kowane samfuri ya bambanta.

Inda aka fi yin kuskure

Na farko, kofi ba iri ɗaya ba ne a duniya. Na Ostareliya mililita 250 ne, wato giram 345, babban cokalinsu kuma mililita 20 ne, kusan giram 28.

Na biyu, kalmar oza tana da ma'ana biyu a Amurka: ta nauyi, giram 28 da ɗoriya, da ta ruwa, kusan mililita 30. Kwalbar da aka rubuta mata oza 16 ta ruwa tana ɗauke da mililita 473, wato kusan giram 650. Wanda ya ɗauke ta a matsayin nauyi zai lissafa giram 454 kacal, ya yi kuskuren kusan giram 200.

Na uku, ruwan gulukos da masu kek suka fi samu a shagunan Najeriya ya fi na masara kauri, don haka kofinsa ya ɗan fi nauyi, kuma akan sassauta shi da ɗan ruwa kafin a musanya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora kwano a kan sikeli, a mayar da shi sifiri, sannan a tsiyaya kai tsaye. Idan kuwa dole sai da kofi, a shafe cikinsa da ɗan man gyaɗa domin kada wani kaso ya maƙale a jikinsa.