Taken Mai Laifi: Kiɗa da 'Yan Wasa a Tarihin Finafinan Kisa da Bincike

Gabatarwa

A ƙasar Hausa kowane mai suna yana da takensa. Sarki yana da nasa, ɗan dambe da ɗan tauri da manomi kowa da nasa, kuma da zarar makaɗi ya saka taken mutum, ko ba a ambaci suna ba jama'a sun san wanda ake nufi. Wannan sani da muka gada zai taimake mu fahimtar wani abu da ya faru nesa da mu, a ɗakunan shirya finafinai na Jamus da Amurka da Ingila, tsakanin shekarar 1931 da 1972. A cikin waɗannan shekaru ne finafinan kisa da bincike suka yi ƙuruciya har suka manyanta, kuma tarihinsu cike yake da ja-in-ja: hukuma tana so mai kallo ya tsani mai laifi, ɗan wasa da makaɗi kuwa suna jan zuciyarsa zuwa gare shi. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan ja-in-ja, domin mu ga yadda aka yi mai laifi ya sami take.

Fito Kafin Kisa

Fim ya fara magana ne a shekarar 1927, kuma bai daɗe da buɗe baki ba ya shiga zancen miyagu. A Amurka an haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, sai fasa-ƙwaurinta ya zama babbar sana'a, mutane irin su Al Capone na birnin Shikago suka yi suna a jaridu. Masu shirya finafinai suka ga kasuwa. A 1931 aka fitar da Little Caesar, inda Edward G. Robinson ya fito, da The Public Enemy na James Cagney, sa'an nan a 1932 Paul Muni ya fito a Scarface. Waɗannan finafinai ba su da kiɗa mai yawa, ƙarar bindiga da ta mota su ne suka cika su. Amma a cikin Scarface akwai wani abin lura: duk sa'ad da shugaban miyagun zai kashe mutum, sai a ji yana fito, yana bin karin wata tsohuwar waƙar Italiya. Da mai kallo ya ji fiton, ya san wani ya kusa kwanta dama.

A birnin Balin na Jamus, Fritz Lang ya riga ya kai wannan dabara matuƙa a fim ɗinsa mai suna M na 1931. Peter Lorre ne ya fito a matsayin mai kashe ƙananan yara, wanda ba ya iya daina fiton wani kari na makaɗin ƙasar Nowe, Edvard Grieg, duk lokacin da ciwonsa ya motsa. 'Yan sanda suka kasa kama shi, suka addabi ɓarayin gari da samame, har ɓarayin suka ga gara su nemo shi da kansu, suka sa mabarata gadin tituna. Wanda ya gane shi kuwa wani makaho ne mai sayar da balan-balan, wanda ya taɓa jin fiton ranar da wata yarinya ta ɓace. A nan take shaida ne, shi ya tona asirin mai shi. Duk da haka, sa'ad da aka gurfanar da makashin gaban kotun ɓarayi, Lorre ya durƙusa yana kuka yana cewa ba shi da iko da kansa, sai mai kallo ya tsinci kansa yana tausayin mutumin da ya fi kowa cancantar tsana. Tun daga nan 'yan wasa suka gane ƙarfin da ke hannunsu.

Dokar Tacewa

Shugabannin coci da ƙungiyoyin iyaye a Amurka ba su ji daɗin yadda matasa suke sha'awar waɗannan miyagu ba. Kamfanonin Holiwud sun rubuta wa kansu ƙa'idojin tace finafinai tun 1930, waɗanda ake kira da sunan Will Hays, amma sai a 1934 aka fara tilasta su a ƙarƙashin Joseph Breen. Ƙa'idojin sun hana a nuna laifi ta yadda mai kallo zai goyi bayan mai aikata shi, sun hana a koyar da dabarun kisa ko sata dalla-dalla, kuma a aikace sun wajabta mai laifi ya gamu da sakamakonsa kafin fim ya ƙare. Wato dai rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma dole ranar nan ɗaya ta zo kafin a kunna fitilun sinima.

Sai dai ofishin tacewa rubutun fim yake bi layi-layi. Yana iya soke kalma ko fitowa, amma babu ƙa'idar da za ta auna yadda ɗan wasa ya ɗaga gira, ko abin da goge yake faɗa a bayan magana. Ta waɗannan ƙofofi biyu masu fasaha suka bi. Da yawansu baƙi ne daga Turai, irin su Lang da Billy Wilder, waɗanda suka baro Jamus bayan Hitila ya hau mulki a 1933, suka zo da salon hoto mai duhu da dogayen inuwoyi. A 1941 Humphrey Bogart ya fito a The Maltese Falcon na John Huston a matsayin mai bincike wanda ba a rarrabe shi da ɓarayin da yake bi sai a ƙarshe. Bayan yaƙi, a 1946, wani mai sharhi na Faransa, Nino Frank, ya laƙaba wa irin waɗannan finafinai sunan da ke nufin baƙin fim.

Mafi kyawun misali shi ne Double Indemnity na 1944, wanda Wilder ya rubuta tare da Raymond Chandler daga labarin James M. Cain. Wani dillalin inshora ya haɗa baki da matar wani suka kashe mijin, suka shirya abin kamar faɗowa ya yi daga jirgin ƙasa, domin irin wannan hatsari ninkin kuɗi ake biya. Wilder ya ɗauko Fred MacMurray, wanda aka sani da finafinan ban dariya, ya ba shi matsayin makashi, ya haɗa shi da Barbara Stanwyck. Mai kallo ya ga fuskar da ya saba yarda da ita, sai ya bi ta cikin laifi. Makaɗin fim ɗin, Miklós Rózsa ɗan ƙasar Hangari, ya buɗe shi da wani kari mai nauyi kamar tafiyar masu ɗauke da makara, a daidai lokacin da inuwar wani mutum mai dogara sanduna take matsowa. Tun kafin a furta kalma ɗaya kiɗa ya riga ya sanar cewa mutumin nan ya hallaka. Ofishin tacewa ya sami hukuncin da yake so, mu kuwa muka zauna muna fargaba kada a kama makashi.

Mutum Na Uku

Idan ana neman fim ɗaya da take ya rinjayi hukunci a cikinsa, to The Third Man ne na 1949, wanda Carol Reed na Ingila ya shirya daga rubutun Graham Greene. An ɗauke shi a birnin Biyana na Ostiriya, wanda yaƙi ya rugurguza, kuma ƙasashe huɗu, Amurka da Ingila da Faransa da Tarayyar Sobiyet, suka raba shi a tsakaninsu. Wani marubuci, wanda Joseph Cotten ya fito a matsayinsa, ya zo wurin abokinsa Harry Lime, sai ya tarar ana jana'izarsa. Sannu a hankali ya gano cewa Lime yana raye, kuma sana'arsa ita ce satar maganin fanisilin daga asibitocin soja, ya tsarma shi ya sayar a kasuwar bayan fage, abin da ya kashe yara masu sanƙarau, waɗansu kuma ya haukata su.

Reed bai nemi babbar ƙungiyar makaɗa ba. A Biyana ya ji wani mutum, Anton Karas, wanda yake kaɗa zita a gidajen shan inabi. Zita abin kiɗa ne mai tsarkiya da yawa da ake shimfiɗawa a kan tebur. Reed ya kai shi Landan, Karas ya kaɗa fim ɗin gaba ɗaya shi kaɗai. Taken da ya yi wa Lime ba shi da alamar tsoro ko kaɗan, kari ne mai fara'a da rangwaɗa, irin na mutumin da bai ɗauki duniya da zafi ba. Orson Welles, wanda ya fito a matsayin Lime, ba ya bayyana sai bayan kusan awa guda. Yana tsaye a bakin wata ƙofa cikin duhu, kyanwa tana wasa da takalminsa, sai wata mata ta kunna fitila a tagar bene, haske ya faɗa a fuskarsa, ya yi murmushi, take ya tashi. Kaɗan ne daga cikin masu kallo ba sa mayar masa da murmushin.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi nazari. Sa'ad da jami'in sojan Ingila ya kai marubucin asibiti don ya ga aikin abokinsa, ba a nuna mana fuskar yaro ko ɗaya ba, sai gadaje da masu jinya. Lime yana da fuska, yana da take, yaran ba su da ko ɗaya. An kashe shi a magudanan ruwa na ƙarƙashin birnin kamar yadda adalci ya nema, amma faifan takensa ya yi makonni goma sha ɗaya yana kan gaba a cinikin faya-fayai a Amurka a 1950, kuma a 1951 aka fara wani shirin rediyo inda Welles ya dawo da Lime a matsayin gwarzon labari. Alƙali ya yanke hukunci, makaɗi ya warware shi.

Bayan Faɗuwar Doka

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A 1960 Alfred Hitchcock ya yi niyyar barin fitowar kisan banɗaki a Psycho ba kiɗa, amma Bernard Herrmann, wanda ya kaɗa fim ɗin da kayan tsarkiya zalla, ya rubuta mata wani kari mai kama da ƙarar wuƙa, Hitchcock ya ji ya sallama. Ƙa'idojin Hays suka yi ta raunana, har aka maye gurbinsu a 1968 da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun masu kallo. Daga nan mai laifi ya sami damar cin nasara a fili.

The Godfather na Francis Ford Coppola, wanda ya fito a 1972 daga littafin Mario Puzo, shi ne ya ci gajiyar wannan 'yanci. Marlon Brando ya mayar da shugaban 'yan Mafiya dattijo mai taushin murya, mai son iyali, wanda ake kawo wa kuka kamar hakimi. Al Pacino kuma ya nuna yadda ɗansa Michael, sojan da ya yi nesa da sana'ar gidansu, ya rikiɗe ya fi uban rashin imani. Nino Rota na Italiya ya buɗe fim ɗin da ƙaho guda ɗaya mai kukan kaɗaici, ya lulluɓe gidan da karin begen Sisili, har mai kallo ya riƙa jin kamar zumunci ake karewa. An janye sunan Rota daga takarar lambar Oscar domin ya taɓa amfani da ɗaya daga cikin karin a fim ɗin Fortunella na 1958, amma ya same ta a kan kashi na biyu na 1974. Sai dai Coppola ya san haɗarin abin da ya ƙulla. Shi ya sa a fitowar baftisma ya ajiye taken gidan, ya bar kiɗan coci yana tashi yayin da Michael yake rantsuwar ya rabu da Shaiɗan, yaransa kuwa suna karkashe abokan gabarsa ɗaya bayan ɗaya. A wannan wuri kiɗa ya koma aikinsa na farko, wato ba da shaida a kan mai laifi.

Wannan salo ya iso mu ta hanyar da muka fi sabawa da ita, wato finafinan Indiya da suka mamaye sinimomin Kano da Kaduna da Jos. A Deewaar na 1975, Amitabh Bachchan ya fito a matsayin ɗan dakon tashar jiragen ruwa da ya zama ɗan fasa-ƙwauri, Shashi Kapoor kuma ƙanensa ɗan sanda, R. D. Burman ya yi kiɗan. Ƙanen ne yake kan gaskiya, shi ya harbi yayan, amma yayan da ya cika a hannun uwarsu shi ne masu kallo suka fita suna ambato.

Kammalawa

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Manazarta waƙar baka sun daɗe suna muhawara a kan waƙoƙin Gambu mai waƙar ɓarayi, ko zuga ce ko kuwa hoton al'umma, kuma duk wanda ya saurare shi ya san daɗin kari yana iya sa mutum ya manta da wanda aka yi wa satar. Finafinan da muka ambata sun cancanci yabo, domin 'yan wasansu da makaɗansu sun nuna mana cewa mugu mutum ne irinmu, mai fara'a da iyali da tsoro, kuma wannan gaskiya ta fi wa'azin ofishin tacewa amfani. Amma yabon ɗalibin adabi ya bambanta da na ɗan kallo. Idan muka zauna kallon ɗaya daga cikinsu, ya kamata mu riƙa tambayar kanmu: taken wa ake kaɗawa, a wane lokaci ya shigo, kuma wane ne aka bari ba take? Wanda ya iya amsa waɗannan tambayoyi zai more murmushin Harry Lime, kuma ba zai manta da yaran da ke kwance a asibitin Biyana ba.