Katalin Karikó da Wuyar Aikin Bincike a Jami'a

A jami'o'in Amurka, mai binciken kimiyyar lafiya ba ya dogara da albashi kaɗai. Wajibi ne ya riƙa neman gudummawar kuɗi daga hukumomin gwamnati ko gidauniyoyi, domin ya sayi kayan gwaji, ya kuma biya mataimakansa. In ya samu, sai muƙaminsa ya tabbata. In kuwa ya yi ta nema bai samu ba, to kujerarsa na rawa. Tarihin Katalin Karikó ya nuna yadda wannan tsari kan kusa hallaka aiki mai amfani tun kafin ya nuna.

An haifi Karikó a ƙasar Hungari a shekarar 1955, mahaifinta kuwa mahauci ne. Ta yi karatu a birnin Szeged har ta sami digirin dakta, ta kuma kama aikin bincike a can. A shekarar 1985 kuɗin sashensu ya yanke. Sai ta karɓi gurbin aiki a Jami'ar Temple da ke Filadelfiya. Da yake hukuma ta hana fita da kuɗi masu yawa, ita da mijinta suka sayar da motarsu, suka ɗinke fam 900 cikin 'yar tsanar ɗiyarsu, suka tashi.

A 1989 ta koma Jami'ar Pennsylvania. Abin da ta sa gaba shi ne mRNA, wato sinadarin da ke ɗauko saƙo daga ƙwayoyin gado ya kai wurin da jiki ke ƙera furotin. Ra'ayinta shi ne, in aka haɗa irin wannan saƙo a ɗakin gwaji aka sa shi cikin jiki, jiki zai ƙera maganinsa da kansa. Masu ba da kuɗi ba su gamsu ba, suka yi ta mayar mata da takardunta. A 1995 jami'ar ta rage mata muƙami da albashi. Duk da haka ta ƙi sauya fanni.

Bayan 'yan shekaru ta gamu da Drew Weissman, masanin garkuwar jiki, a gindin injin kwafe takardu. Matsalar da ta tare su ita ce, jiki kan ɗauki mRNA na ɗakin gwaji a matsayin abokin gaba, har ya jawo kumburi. A 2005 suka bayyana cewa in aka sauya ɗaya daga cikin tubalan ginin sinadarin, jiki zai karɓe shi lami lafiya. A lokacin masana kaɗan ne suka kula.

A 2013 Karikó ta kama aiki da kamfanin BioNTech na Jamus. Da annobar korona ta ɓarke, a kan bincikensu aka gina allurar rigakafin BioNTech da Pfizer, da ta Moderna, waɗanda aka fara yi wa jama'a a watan Disamba na 2020. A 2023 aka ba ta lambar yabo ta Nobel tare da Weissman.

Hausawa kan ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Amma darasin ya fi shafar jami'o'in kansu: muddin ana auna masani da yawan kuɗin da ya jawo, wasu masu irin basirarta za su bar aikin kafin dutsen ya dahu.