Daga Sakkwato zuwa Dalas: Hakeem da Gasar Kudu maso Yamma

Kwanan baya ina zaune da ƙanena a gida, nan Erdington, muna hirar ƙwallon kwando, sai na ce masa ai Hakeem Olajuwon a Sakkwato ya fara buga gasa. Ya ce, "Haba Yaya, wace Sakkwaton?" Shi ya sa na ce bari in rubuta tarihin.

An haifi Hakeem a Legas a 1963, Bayarabe ne Musulmi. Yana yaro gola yake tsarewa, yana kuma buga ƙwallon hannu. A ƙarshen shekarun 1970 makarantarsa ta je wasannin kwalejojin horon malamai a Sakkwato, aka sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando saboda tsawonsa. A 1980 ya sauka a Jami'ar Houston, wajen koci Guy Lewis.

Ga yadda tsarin yake a Amurka. Jami'o'in yanki ɗaya sukan haɗu su zama rukuni, su yi ta karawa duk lokacin sanyi. In Maris ya kama sai a yi gasar rukunin, sili ɗaya ƙwale: aka ci ka sau ɗaya, ka tattara kayanka. Wanda ya ɗauki kofi ya sami gurbi kai tsaye a babbar gasar ƙasa ta NCAA. A wancan lokacin Houston tana rukunin Kudu maso Yamma ne, mai jami'o'i tara, takwas a jihar Texas sai ta Arkansas.

A 1983 Houston ta ci wasanninta 16 na rukunin, ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Hakeem da Clyde Drexler da sauransu sun yi suna wajen tashi sama su cusa ƙwallo a kwando, har aka laƙaba musu Phi Slama Jama. Amma a wasan ƙarshe na gasar rukunin, a Dalas, da ƙyar suka sha a hannun TCU, 62 da 59. Daga nan suka kai wasan ƙarshe na ƙasa, kowa na cewa kofi nasu ne. Ana daf da tashi Lorenzo Charles na NC State ya cafe ƙwallo a sama ya zura, aka tashi 54 da 52. Duk da haka Hakeem aka ba kyautar gwarzon gasar.

A 1984 Drexler ya riga ya tafi NBA. Houston ta sake ɗaukar kofin rukunin, ta doke Arkansas da maki ɗaya tak, 57 da 56. Ta kuma kai wasan ƙarshe na ƙasa, Georgetown ta su Patrick Ewing ta cinye ta 84 da 75. Sau biyu a jere ke nan, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Bayan shekara goma, a 1994, suka sake haɗuwa da Ewing a wasan ƙarshe na NBA, Hakeem yana Houston Rockets, Ewing yana New York. Wannan karon Hakeem ya rama, ya ƙara ɗaukar kofin a 1995. Yana azumin Ramadan yana wasa, bai taɓa ɓoyewa ba. Shi kuwa rukunin Kudu maso Yamma, an rushe shi a 1996.

Abin da ya fi ba ƙanena mamaki, a tsakiyar shekarun 2010 Hakeem ya zo ya zauna da iyalinsa a nan Birmingham, ya kuma tallafa wa ƙungiyar matasa da ake kira City of Birmingham Rockets, wadda ta yi sansani a Nechells, nan kusa da mu.

Mu da aka haifa a nan, da yawanmu mun ɗauka Arewa wurin zuwa biki da gaisuwar mutuwa ne kawai. Ƙanena dai ya ce hutu mai zuwa in mun je Kano, sai an kai shi Sakkwato ya ga garin da idonsa. Na ce masa ya fara tambayar Baba kuɗin mota.