Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Gonar Gado

Na san ba ku manta da ranakun gwajin kimiyya ba. Malam ya kan ba mu ruwan binega, mu riƙa ɗiga masa ruwan soda kaɗan-kaɗan muna rubuta lambar tsami, wato pH. Idan mililita 25 ce ta kashe tsamin gaba ɗaya, sai mu koma mu duba lambar da muka rubuta a 12.5. Wannan ita ce pKa, ma'aunin ƙarfin asid ɗin, kuma ta binega 4.76 ce. A lokacin na ɗauka wahalar cin jarrabawa ce kawai.

Ashe lissafin yana da tarihi. A 1888 Wilhelm Ostwald ya fitar da ƙa'idar yadda asid mai rauni ke rarrabuwa cikin ruwa. A 1909 Sorensen na ƙasar Denmak ya ƙirƙiro ma'aunin pH, sannan a 1916 Hasselbalch ya sake tsara lissafin Henderson ya zama yadda muka koya.

Sai da na fara aikin gwamnati na gane inda abin ya shafe mu. A Samaru ta Zariya an fara wani dogon gwaji a 1950, ana kwatanta kashin shanu da takin zamani. An gano cewa takin salfa na amoniya, idan aka daɗe ana zuba shi shi kaɗai, yana tsamama ƙasa, amma takin gida yana rage wannan illa. Dalili kuwa, ruɓaɓɓen taki cike yake da asid masu rauni, su ne ke hana tsamin ƙasa hawa ko sauka farat ɗaya.

Gonakinmu na wajen Dawakin Tofa, Minjibir da Ɗambatta jigawa ce, ana nomansu kowace damina ba hutu. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, ya rubuta yadda manoma ke ɗauko taki da toka daga birni a kan jakuna. Iyayenmu ba su san pKa ba, amma sun san abin da ke riƙe ƙasa, kamar yadda uwar gida ta san kanwa na kashe tsami.

Yanzu gonakin gado sun ƙanƙance, buhun taki ya yi tsada. Ina roƙon ƙungiyarmu ta saya wa makaranta na'urar awon pH, domin ƙannenmu su auna ƙasar gonakin iyayensu da hannunsu.