Baka da gado: koyon halbi a ƙasar Kurfai da Imanan

Wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Filinge ta Baleyara, in ya iso Bonkuku da rani, abin da zai fara gani shi ne lambunan dankalin turawa cikin kwarin Dallol Boso. Da wuya ya tuna cewa wannan kwari da tuddan da ke kewaye da shi wurin kiwon barewa da jimina ne a ƙarni na 19. Abin da muke son dubawa cikin wannan ƴar takarda shi ne yadda sana'ar halbi take wucewa daga uba zuwa ɗa a wannan yanki, da kuma inda igiyar ta tsinke.

Sai mu fara da rarrabe kalmomi biyu da Faransanci ya haɗe cikin kalma guda, wato chasse. Farauta aikin gayya ne: samarin gari su fita da karnuka da sanduna bayan an gama girbi, kowa na iya shiga. Halbi kuwa (harbi a bakin Kanawa) gado ne, kamar ƙira ko wanzanci. Guy Nicolas ya nuna haka a kan kwarin Maraɗi cikin littafinsa na 1975, inda kowane dangi na Azna yake da gadonsa, da iskokinsa, da abubuwan da aka hana masa. Muna ganin wannan bayani ya dace da Kurfayawa, da sharaɗi guda: a nan baka tana da aiki biyu. A Imanan, wadda Bonkuku ce hedkwatarta, sarauta tana hannun Abzinawa, su kuwa mayaƙansu takobi da mashi da garkuwa suka sani. Baka makamin manomi ce, wanda ke yaƙi a ƙasa. Ke nan a zamanin hare-hare gidaje da yawa suna da baka a rataye, ko da ba su gaji halbi ba. Da Faransawa suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, yaƙin gari da gari ya ƙare, sai baka ta koma kusan ta mahalba kaɗai.

Yaron gidan mahalba ba a zaunar da shi a yi masa darasi. Tun yana ƙarami ake yi masa ƴar baka da kibau marasa ƙarfe, ya yi ta bin ƙadangaru da kurciyoyi a bayan gida. In ya tasa sai ya fara bin ubansa ko kawunsa, aikinsa ɗaukar gorar ruwa da yin shiru. A nan ne ake koyon abin da ya fi jan tsirkiya wuya: sanin sawu, da rarrabe na jiya da na yau, da lura da inda iska ke kaɗawa, domin barewa tana jin warin mutum tun kafin ta gan shi. Baka irin ta ƙasar Hausa ba ta cin nisa, kibiyarta ta kyauro ce, ba ta da gashi a gindi. Dole mahalbi ya matso ƙwarai. Shi ya sa aka ƙago dabarar burtu: a ɗaura kan wannan tsuntsu a goshi, a rufe jiki da baƙin zane, a yi rarrafe ana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, har a shiga tsakiyar garke. Yaro yakan yi shekaru yana gwada wannan tafiya kafin a yarda ya yi ta gaban dabba.

Abin da ake ba shi daga ƙarshe shi ne dafi. Kibiyar ba ƙarfinta ne ke kisa ba, abin da aka shafa mata ne. Tushen dafin ƴaƴan kwankwani ne (Strophanthus), wanda sinadarinsa yake kama zuciya. Dabbar da aka halba takan yi gudu kaɗan ta faɗi, mahalbi kuwa ya bi ta da sauri don ya yanka kafin rai ya fita, sa'an nan ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya jefar. Jean Rouch ya ɗauki yadda ake dafa irin wannan dafi cikin fim ɗinsa La chasse au lion à l'arc na 1965, wajen mahalban gaw na ƙasar Songai da ke yamma da kogin Kwara. Ba mu ce al'adar can da ta nan ɗaya ce ba, amma ka'idar guda ce: ana yin aikin a daji, nesa da gari, kuma ba kowane ɗa ake gaya wa haɗin ba. Uba yakan jinkirta har ya ga hankalin yaro, domin abin da ke kashe gwanki yana kashe mutum. Wannan jinkiri, a ganinmu, shi ne raunin tsarin. In tsoho ya rasu ɗansa yana wurin cin rani, asirin ya bi shi kabari.

An saba ɗora laifin mutuwar sana'ar a kan doka. Gaskiya ne Nijar ta yi dokar farauta a 1962, aka kuma rufe farauta gaba ɗaya a farkon shekarun 1970, har zuwa shekarun 1990. Amma ma'aikacin gandun daji guda ba ya tsare dajin da ya kai iyakar Mali. Abin da ya fi doka tasiri shi ne ƙarewar dajin kansa. Yunwar 1931, wadda Finn Fuglestad ya yi nazari a kanta, ta watsa mutanen yammacin Nijar. Farin 1973 da na 1984 suka kashe namun daji tare da dabbobin gida. Yawan jama'a ya sa gonakin hatsi suka hau tuddai, saura ta gajarta. Bindiga da mota suka ƙarasa abin da ya rage. Bugu da ƙari, rani shi ne lokacin halbi, shi ne kuma lokacin da samari ke tafiya Ghana da Nijeriya da Kodibuwa neman kuɗin haraji da na aure. Watannin da ya kamata yaro ya yi a bayan ubansa, a Kumasi ko Abijan yake yin su.

Dokar da ta zo a ranar 29 ga Afrilu 1998, mai lamba 98-07, ta sake tsara farauta da kare namun daji, ta kuma hana farautar dare da ta cikin mota. Ta iske gidajen mahalba da yawa babu mai jan baka. (Abin lura: a 1995 ne Faransa ta halatta wa ƴan ƙasarta farauta da baka, abin da Amurkawa suka daɗe suna yi da iyalansu don nishaɗi.) Cikin manyan namun kwarin, raƙumin dawa ne ya tsira da kyar: a 1996 bai wuce kimanin 50 ba a yankin Kure, can kudu cikin wannan Dallol ɗin, kafin kariya ta sa ya kai ɗaruruwa.

Abin da ya rage a hannun jikokin mahalba shi ne rabin gadon da ba ya bukatar dabba: sanin saiwoyi, da maganin sarar maciji, da makarin dafi, da kirarin kakanni. Ga masanin tarihi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Labarun kafuwar garuruwa a ƙasar Hausa da ta Zabarmawa sau da yawa da mahalbi suke farawa, wanda ya bi dabba har ya gano tafki ko wurin da ruwa ke kusa. Gidajensu ne suka riƙe sunayen tafkunan, da na dazuzzukan da suka zama gonaki, da jerin waɗanda suka fara sara a kowane wuri. Tarihin da aka tattara a Kurfai da Imanan ya fi karkata ga gidajen sarauta, su kuwa waɗannan suna fara lissafinsu ne daga ranar da suka iso.